Tauraruwar da Ta Tayar wa Kanta Hazo

A farkon watan Fabrairun 2020, lokacin da hunturu ke shirin naɗe tabarmarsa, wata tauraruwa da ke ratsa saman garin Dutse kowane dare ta rasa kusan kashi biyu cikin uku na haskenta. Ba ta cikin ƙananan nan da ido ke wahala kafin ya tsinto su. Bisa al'ada tana sahun taurari goma ko sha ɗaya mafiya haske a sararin sama, amma cikin wata huɗu sai ga ta ta gangaro ƙasa da ta ashirin. Sunanta a littattafan ilimin taurari Betelgeuse. Jaridun Turai da Amurka suka ɗauki zancen da zafi, wai tsohuwar ta zo gargara, ko yau ko gobe za ta fashe.

Wanda ya fito daga sallar isha'i a Garu ko Limawa a waɗannan darare, ya ɗaga kai ya ga ta yi dishi-dishi, abin da zai ce bai wuce "hazo ne" ba, ya gyara mayafinsa ya nufi gida. Da ya faɗi haka, da bai yi nisa da gaskiya ba. Bayan fiye da shekara guda ana bincike da manyan madubin hangen nesa na duniya, amsar da yawancin masana suka tsaya a kanta ita ce ƙura. Sai dai ba ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwaso mana daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ba ce. Tauraruwar ce da kanta ta amayo ta, ta rufe rabin fuskarta da ita.

Ga ta nan bisa kanmu

Nemo ta ba wuya. A watan Disamba, bayan magariba, a fuskanci gabas. Za a ga taurari uku a jere, tazararsu ɗaya, sun taso a tsaye. Daga hagunsu, wato ta arewa, akwai wata mai haske, launinta ruwan goro. Ita ce Betelgeuse. Daga dama akwai wata fara sol mai ɗan shuɗi, sunanta Rigel. Can sama da su Kaza ce da 'ya'yanta, a tsakani kuma Dabaran. In dare ya ƙara yi, Shi'ira, wadda aka ambata a Suratun Najmi, za ta biyo su daga ƙasa, ta kuma fi kowace tauraruwa haske.

Mazauna Jigawa ta tsakiya sun dace da wurin kallo. Dutse tana kusan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, ita kuma tauraruwar tana bin layin digiri 7 da ɗan ɗori. Saboda haka idan ta kai ƙololuwar tafiyarta, tsakaninta da tsakar kan mutum bai fi digiri 4 zuwa 5 ba, sai an ɗaga haɓa sosai ake ganinta. Mutumin Landan iyakarta a wurinsa rabin sama. A ƙarshen Disamba da tsakar dare take kaiwa wannan matsayi, a tsakiyar Fabrairu kuwa wajen ƙarfe takwas da rabi, lokacin da masu shayi ke cika da jama'a.

Wannan yanki na sama ba baƙo ba ne ga malamanmu. A lissafin da suka gada daga Larabawa, shekara ta kasu gida 28, kowace tauraruwa da kwana 13, an ba bazara bakwai, damina bakwai, kaka bakwai, hunturu bakwai. Har yau akwai dattawa da malaman zaure da ke riƙe da shi, kuma tun a 1967 Baturen nan Mervyn Hiskett ya yi rubutu kan yadda aka sa shi cikin waƙoƙin Hausa don a hardace. Tauraruwar da ke buɗe damina a wannan lissafi ita ce Haƙa'a, wasu ƙananan taurari uku da suka haɗa kai, kuma suna nan dab da Betelgeuse. Wadda ke rufe kaka kuwa ita ce Ƙalbu, da Turawa ke kira Antares, ja ce ita ma, ana ganinta ta kudu a dararen damina idan gari ya washe. Betelgeuse da Ƙalbu iri ɗaya ne, tsofaffin ƙattai jajaye, su biyun kuma fashewa ce makomarsu.

Tsufa da wuri

Ranarmu ta kai shekara biliyan 4.6, kuma ba ta wuce rabin rayuwarta ba. Betelgeuse ba ta fi shekara miliyan 8 zuwa 10 ba, amma har ta tsufa. Nauyi ne ya jawo mata. Ta ninka rana nauyi sau 16 zuwa 19, kuma gwargwadon nauyin tauraro gwargwadon yadda yake danne cikinsa, gwargwadon zafin da ke tsakiyarsa, gwargwadon saurin da yake cinye makamashinsa. Hasken da take fitarwa ya kai na rana kusan 100,000.

Tauraro na rayuwa ne a tsakanin ƙarfi biyu. Nauyinsa na janyo kome zuwa tsakiya. Zafin da ke fitowa daga tsakiya, inda ƙwayoyin haidurojin ke haɗewa su zama hiliyom, na tura kome waje. Muddin ƙarfin biyu sun yi daidai, tauraro na zaune lafiya. Ranar da haidurojin ɗin tsakiya ya ƙare, sai tsakiyar ta tsuke ta ƙara zafi, jikin waje kuma ya kumbura ya yi sanyi. Sanyin ne ke kawo jan launi. Fatar rana na da zafin digiri kusan 5,500 a ma'aunin Salshiyos, ta Betelgeuse kuwa wajen 3,300. Kumburin kuma ba na wasa ba ne. Faɗinta ya ninka na rana fiye da sau 700. Da za a ajiye ta inda rana take, da ta haɗiye duniyarmu, ta haɗiye hanyar da Mirrihu ke bi, ta doshi Mushtari. Ita ce tauraruwa ta farko, in an cire rana, da aka auna faɗinta, aikin da Albert Michelson da Francis Pease suka yi a Dutsen Wilson na Kalifoniya a Disambar 1920.

Akwai alamar cewa jan nata ma bai daɗe ba. A 2022 Ralph Neuhäuser na Jami'ar Jena a Jamus da abokan aikinsa suka bi tsofaffin rubuce-rubuce, suka ga masanin fadar Sin, Sima Qian, wajen shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa, ya lissafa ta cikin taurari masu ruwan ɗorawa, alhali ya sa Ƙalbu cikin jajaye. In haka ne, cikin shekara 2,000 ta sauya launi a idon 'yan Adam.

Jikin da ya kumbura haka ba ya da riƙo. Iskar da ke can bakin fatar tauraruwar ta yi nisa da tsakiya, nauyi bai kama ta da ƙarfi ba, abu kaɗan ke motsa ta. Daga nan sauye-sauyen haske ke farawa, kuma tun a 1836 John Herschel ya lura cewa hasken Betelgeuse ba ya zama wuri ɗaya.

Na farko, tana kumbura tana saɓewa. A ƙarƙashin fatarta akwai wani shimfiɗi na iska da ke tare zafi idan an matse shi. Zafi ya taru a ƙasansa, ya ture shi waje, tauraruwar ta buɗe. Da ya buɗe sai ya huce, ya daina tarewa, zafin ya wuce, nauyi ya mayar da shi ciki, a sake sabon lale. Zagaye ɗaya na ɗaukar kwana 400 da 'yan kai. Lokacin da fatar ta huce, wasu sinadarai kan haɗu a samanta su shanye hasken da idonmu ke gani, shi ya sa raguwar kan fi bayyana ga ido fiye da ainihin raguwar wutarta.

Na biyu, fatar tafasa take yi. Iska mai zafi na tasowa daga ciki, ta huce, ta nutse. A jikin rana ma haka ake yi, amma a can ƙananan ƙulli ne miliyoyi, faɗin kowanne wajen kilomita 1,000, don haka idan wannan ya dushe wancan ya haska, ba a ganin bambanci. A 1975 Martin Schwarzschild ya yi lissafin cewa a jikin ƙattai jajaye ƙullin 'yan kaɗan ne, amma kowanne gari guda. Hotunan da aka ɗauka daga baya sun gaskata shi. Ƙulli ɗaya na iya kai faɗin tazarar da ke tsakaninmu da rana. In irin wannan ya taso da zafi ta ɓangaren da ke fuskantarmu, haske ya ƙaru. In ya huce ya nutse, haske ya ragu. Babu jadawali a wannan, shi ya sa ba a iya cewa ga daidai yadda za ta kasance baɗi.

Na uku shi ne ƙura, kuma a nan labarin 2019 ya shigo.

Wata biyar na ruɗani

Raguwar ta fara a Oktoban 2019. A watan Disamba Edward Guinan da abokan aikinsa na Jami'ar Villanova a Amurka, waɗanda suka shafe shekaru suna auna tauraruwar, suka sanar cewa ta dushe fiye da yadda suka taɓa gani. Ta ci gaba da sauka har zuwa mako na biyu na Fabrairu. Daga nan ta fara farfaɗowa, zuwa Afrilu ta koma yadda aka san ta.

Hujjojin sun zo ɗaya bayan ɗaya. Emily Levesque da Philip Massey suka auna zafin fatarta a Fabrairun, suka tarar ya ragu kaɗan ne kawai, bai isa ya jawo irin wannan dushewa ba. Masu auna hasken zafi, wanda ido ba ya gani kuma ƙura ba ta tare shi sosai, suka ce a wurinsu kusan babu abin da ya sauya. Wato wutar na nan yadda take, wani abu ne ya shiga tsakani. Andrea Dupree ta cibiyar Harvard da Smithsonian ta duba abin da madubin Hubble ya ɗauka daga Satumba zuwa Nuwamban 2019, ta ga wani tarin iska mai zafi yana ficewa daga kudancin tauraruwar. Sai Miguel Montargès da tawagarsa suka kawo abin da ya fi kowanne gamsarwa, wato hoton fuskar tauraruwar kanta daga babban madubin Turai da ke hamadar Atakama a ƙasar Chile. A hoton Janairun 2019 fuskar a zagaye take, haske ko'ina. A na Disamba da na Janairun 2020 rabin kudu ya yi duhu, har haskensa ya ragu wajen sau goma a kan yadda ya saba. Sun buga sakamakon a mujallar Nature a Yunin 2021.

Ga yadda aka haɗa labarin. Wani ƙaton ƙulli ya taso daga ciki a daidai lokacin da tauraruwar ke kumbura, ƙarfin biyu suka haɗu suka cilla wani yanki na fatarta sama. Gurbin da aka bari ya huce. Iskar da aka cilla, da ta rasa zafin da ke gasa ta daga ƙasa, sai ta daskare ta zama ƙananan ƙwayoyin ƙura, kuma aka yi dace ƙurar ta tsaya a tsakaninmu da ita.

Duk wanda ya yi hunturu a Dutse ya san wannan da idonsa. Akwai safiyar da za ka fito ka tarar duwatsun da ke kewaye da gari sun ɓace, dabinon da ke nesa kaɗan ya zama inuwa, rana ta hau sama amma fara ce fat, kana iya zuba mata ido ba ta kashe maka shi ba. Ƙura ta kwanta a kan gilashin mota, ta shiga gashin ido, leɓe ya tsage. Ba wanda ke cewa rana ta kamu da ciwo. An san tana nan da zafinta a bayan hazo. Abin da ya sami Betelgeuse ke nan, illa dai ita ta haifi nata hazon.

Ƙurar ma dangin tamu ce. Yawancinta silikon ne da oksijin, su ne kuma suka fi yawa a jikin duwatsun da Dutse ta samo sunanta daga gare su, da waɗanda aka yi zane a jikinsu a Birnin Kudu. Masana sun nuna cewa mafi yawan oksijin da silikon na duniyar nan a cikin manyan taurari irin wannan aka ƙera su, kafin a yi rana, suka bazu lokacin da taurarin suka zubar da jikinsu ko suka fashe. Ni dai tun da na san haka ban ƙara kallon waɗannan duwatsu a matsayin kayan fasa tsakuwa kawai ba.

Wani abin sha'awa, har tauraron ɗan Adam na duba yanayi ya ba da shaida. Daisuke Taniguchi da abokansa a Japan sun lura cewa Himawari-8, wanda aikinsa ɗaukar hoton gajimare, yakan kamo Betelgeuse a gefen hoton duniya. Suka tattara hotunan shekara huɗu da rabi, suka nuna a 2022 cewa sanyin fata da ƙura kusan raba laifin suka yi.

Tauraruwar ba ta koma daidai nan da nan ba. Zagayenta na kwana 400 ya rikice, ta koma yin sa cikin kwana 200 ko kusa da haka, a bazarar 2023 kuma haskenta ya haura na al'ada da kusan rabi. Aka sake tayar da zancen fashewa.

Abin da fata ba ta faɗa

A nan ya kamata a yi hattara, domin a nan jita-jita ke samun ƙofa. Duk abubuwan da aka lissafa a sama a fatar tauraruwa suke faruwa. Mutuwarta kuwa a tsakiya ake yanke ta, kuma tsakiya da fata ba agogo ɗaya suke bi ba.

Bayan haidurojin, tsakiyar kan koma ƙona hiliyom ya zama kabon da oksijin, na tsawon dubban ɗaruruwan shekaru. Daga nan kowane mataki ya fi na baya gajarta. Kabon na ɗaukar ɗaruruwan shekaru zuwa dubu. Niyon wajen shekara guda. Oksijin watanni. Silikon kwanaki ƙalilan, abin da yake bari kuma shi ne ƙarfe. Ƙarfe ba ya ba da zafi idan an matse shi, sha yake yi. Da tsakiyar ƙarfen ta kai nauyin da ba za ta iya ɗauka ba, kusan rana ɗaya da rabi, sai ta rufta cikin ƙasa da daƙiƙa guda, daga girman duniyarmu ta koma dunƙulen da faɗinsa bai fi kilomita 20 zuwa 30 ba. Girgizar da ta biyo baya ita ke tarwatsa sauran jikin. Wannan ita ce fashewar da ake kira sufanoba.

Daga matakin kabon zuwa gaba, yawancin ƙarfin da tsakiya ke samarwa ba ya bi ta fata. Yana ficewa ne a matsayin niyutirino, wasu ƙwayoyi da ke ratsa kome ba tare da sun taɓa shi ba. Zafin da zai bi ta jiki kuwa yana buƙatar dubban shekaru kafin ya iso waje. Saboda haka tauraruwa na iya kasancewa saura mata shekara goma, fatarta na nuna halin da ake ciki tun shekaru dubu da suka wuce. Wannan ne ya sa masana suka rabu. Meridith Joyce da tawagarta sun yi amfani da tsawon zagayen kumburinta a 2020, suka ce har yanzu hiliyom take ƙonawa, da sauran kusan shekara 100,000. Hideyuki Saio na Jami'ar Tohoku a Japan ya karanta zagayen ta wata fuska a 2023, ya ce ta kusa gama kabon, abin da ya rage bai da yawa. Yawancin masana na tare da Joyce, domin lissafin Saio na buƙatar tauraruwar ta fi yadda aka auna ta girma.

Wani abu ya ƙara raunana hujjar Saio. Bayan zagayen kwana 400, Betelgeuse na da wani dogo na kusan kwana 2,100, wato shekara shida ba kaɗan, wanda shi Saio ya ɗauka kumburi ne. A 2024 tawagogi biyu, ta Jared Goldberg da ta Morgan MacLeod, suka ce wata ƙaramar tauraruwa ce ke kewaya ta a kurkusa tana motsa ƙurar da ke gefenta. A Yulin 2025 Steve Howell na hukumar NASA ya sanar cewa madubin Gemini da ke Hawai ya hango wani ɗigon haske a inda lissafi ya ce za a same ta. An raɗa mata suna Siwarha, kuma ana jiran Nuwamban 2027, lokacin da za ta sake nisantar uwar ɗakinta, a tabbatar.

To, ashe tauraro ba ya ba da sanarwa ko kaɗan? Wasu suna bayarwa. A tsakiyar 2020 madubin Pan-STARRS na Hawai ya ga wata ƙatuwar ja a wani gungun taurari mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 120 ta ƙara haske tana zubar da iska. Bayan kwana 130 ta fashe. Wynn Jacobson-Galán ne ya jagoranci rahoton a Janairun 2022, kuma shi ne karo na farko da aka kalli irin wannan tauraruwa a watanninta na ƙarshe. A ranar 19 ga Mayun 2023 wani ɗan Japan mai kallon sama don sha'awa, Koichi Itagaki, ya gano wata fashewar a nisan shekara miliyan 21 na tafiyar haske. Da aka koma tsofaffin hotuna, aka tarar tauraruwar ta daɗe lulluɓe da ƙura tana kumbura tana saɓewa, hasken fashewar kuma ya nuna ta zubar da iska mai yawa dab da ƙarshe. Bayanin da wasu masana ke bayarwa, irin su Eliot Quataert da Jim Fuller, shi ne cewa a matakin niyon da oksijin tsakiyar kan yi tafasa mai tsanani har ta aika da igiyoyin girgiza zuwa fata, su iso cikin gaggawa, su yaye wani sashe nata. Ba a gama muhawara a kan wannan ba.

Akwai kuma masu yin sanarwar da ba ta tabbata. Eta Carinae, da ke can kudancin sama, ta yi wani irin tashi har a 1843 ta zama ta biyu a haske bayan Shi'ira, ta zubar da abin da ya fi nauyin rana goma, ta kuma tsira. Tana nan har yau. Ita kuwa tauraruwar da ta fashe ranar 23 ga Fabrairun 1987 ba ja ba ce ma, shuɗiya ce, kuma ba wanda ya sa mata ido kafin ranar. Sanarwarta ta zo ne ta ƙarƙashin ƙasa. Na'urori a Japan da Amurka da Tarayyar Sobiyet sun kama niyutirino ashirin da 'yan kai, sa'o'i kaɗan kafin a ga hasken. Idan ranar Betelgeuse ta zo, daga irin waɗannan na'urori za a fara ji, kuma na Japan an riga an shirya su don su yi shela tun sa'o'i kafin ruftawar.

Idan ta fashe

Nisanta tsakanin shekara 550 ne zuwa 700 na tafiyar haske, nesa ƙwarai da iyakar da fashewa ke iya cutar da duniya. Abin da zai iso mana haske ne. Lissafi ya nuna zai kai na rabin wata, a tattare a ɗigo ɗaya, ya yi wa mutum inuwa da daddare, a gan shi da rana tsaka har tsawon watanni. Bayan 'yan shekaru gurbinta zai zama wayam ga ido.

An taɓa ganin irin wannan. A 1006 wata sabuwar tauraruwa ta bayyana ta kudu, likitan nan na Masar Ali bin Ridwan ya rubuta cewa ta ninka Zuhura girma sau biyu da rabi zuwa uku, ta kuma haska sararin sama. A Yulin 1054 wata ta fito kusa da yankin da muke magana a kai, masanan Sin suka ce an yi kwana 23 ana ganinta da rana, likitan Bagadaza Ibn Butlan ma ya ambace ta. In aka bi shekarun da aka saba ba sarakunan Kano, duka biyun sun faɗo a zamanin Bagauda, 999 zuwa 1063, kuma duka biyun suna iya ganuwa sarai daga ƙasar Hausa. Ta ƙarshe da aka gani da ido a cikin gungun taurarinmu ita ce ta 1604.

Ba na so a ce idan ta sake faruwa, ko ma wata dushewar irin ta 2019, mu labari kawai za mu ji daga waje. Auna hasken tauraruwa irin wannan ba ya buƙatar kuɗi. Hasali ma ta yi wa manyan na'urori da yawa haske fiye da kima, don haka har yau ana dogara da idon mutane. Ƙungiyar AAVSO ta Amurka, da aka kafa a 1911, na karɓar awon masu sha'awa daga kowace ƙasa, kuma da irin wannan awo aka san tarihin Betelgeuse na fiye da shekara ɗari. Albert Jones na New Zealand, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ganin fashewar 1987, ya yi awo fiye da 500,000 a rayuwarsa, da ido da ƙaramin madubin da ya haɗa da hannunsa.

Hanyar ita ce kwatance. A fita bayan gari, ta hanyar Kiyawa ko ta Jahun, inda fitilu ba su da yawa, a zauna minti goma ido ya saba da duhu. A dubi Betelgeuse, a dubi Dabaran, a dubi Rigel, sannan a dubi Bellatrix, wadda ke ɗaya gefen Haƙa'a. Bisa al'ada Betelgeuse ta fi Dabaran kaɗan, ba ta kai Rigel ba, ta kuma fi Bellatrix nesa ba kusa ba. A Fabrairun 2020 ita da Bellatrix kunnen doki suka yi. Kwatancen ne ke raba hazon ƙasa da na sama, domin ƙurar hunturu duka take dusar da su tare, musamman idan suna bisa kai a kusa da juna. In ɗaya ce ta dushe sauran na nan, to abin daga can ne. A rubuta kwanan wata da lokaci da yanayin gari. Ɗaliban kimiyyar lissafi da fiziks na Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko 'yan makarantun sakandaren kimiyya na jihar, za su iya riƙe irin wannan littafi shekara da shekaru, su kuma zauna da malaman da suka san Haƙa'a da sauran taurarin lissafin shekara, kowa ya nuna wa ɗan'uwansa abin da ya sani a sama ɗaya.

Akwai ma gurbin da muka dace mu cike. Kowace shekara, daga Mayu zuwa Yuli, rana kan shiga tsakaninmu da wannan yanki na sama, tauraruwar ta ɓace wa masu kallo. A 2020 sai da aka juya wani kumbon NASA mai suna STEREO, wanda aikinsa kallon rana, don a leƙa ta a wannan lokaci, aka kuwa tarar ta sake dushewa kaɗan. A ƙasashen arewa masu dogon shafaƙi ɓacewar kan daɗe. A nan kusa da layin da ya raba duniya biyu alfijir gajere ne, taurari kuma a tsaye suke tasowa, don haka muna cikin waɗanda ke fara ganinta idan ta dawo. Daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta, duk asubar da hadari ya ja baya, mai tafiya masallaci zai same ta ta gabas, ƙasa-ƙasa, kafin gari ya waye.